Ina so in kai jirgina kogin Kalaba daga Gombe, ku ba ni shawara

Baban Walida, Tunfure: Assalamu alaikum jama'a. Ina da ƙaramin jirgin ruwa na faiba, tsawonsa mita 5, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40. A dam ɗin Dadin Kowa nake sa shi, ina jan tirelarsa da Hilux daga Gombe. Ƙanena da ke kasuwanci a Bogobiri, cikin Kalaba, ya matsa in zo da shi hutun Disamba mu zaga kogi da iyali. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ya ce ruwan can kullum sai ya cika ya janye. Yara zan ɗauka, ba na son ganganci. Wanda ya san ruwan nan ya taimaka.

Tsohon Sojan Ruwa, Kumo: Wa alaikumus salam Alhaji. Ruwan Dadin Kowa yana bin damina da rani ne, ko buɗe ƙofofin dam. Kogin Kalaba kuwa teku yake bi, teku kuma wata take bi. Cikin awa 24 da minti 50 ruwa zai cika sau biyu, ya janye sau biyu. Ke nan kusan awa 6 yana hawa, awa 6 yana sauka, kuma kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Idan yau ya cika ƙarfe tara na safe, gobe sai wajen goma saura. Kada ka dogara da abin da ka gani jiya.

Ka duba kwanan watan Musulunci kafin ka sa rana. Lokacin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, cikar ta fi yawa, janyewar ta fi nisa, gudun ruwan ma ya fi ƙarfi. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu ruwan ya fi natsuwa, su ne ranakun baƙo. A Kalaba bambancin cika da janyewa yana wuce mita 2. Wurin da ka sauke jirgi da safe, da rana za ka iya tarar da shi laka ce zalla har gwiwa. Akwai jadawalin cikar ruwa na kowace rana a intanet, ka nemi na Kalaba takamaimai, na Legas ba zai yi maka ba.

Baban Walida: Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe. To wane lokaci ya fi dacewa in sauke shi?

Tsohon Sojan Ruwa: Kamar awa biyu kafin ruwa ya gama cika. Ka nufi sama ruwan na tura ka, idan ya juya ka juyo tare da shi, ka fitar da jirgin tun gangaren simintin da ake sauke jirgi yana cikin ruwa. In ka makara, ƙasan simintin gansakuka ce mai santsi, tayar mota ba ta kamawa. Kuma kada ka manta akwai tashar manyan jiragen kaya a kogin. Babban jirgi ba ya iya kauce maka, ba shi da birki. Ka riƙe hannun dama, ka bar masa tsakiya. In kana hawa daga wajen teku, jan tulun alama, wato abin da ke yawo a kan ruwa yana nuna hanyar jirage, yana hagunka, koren yana damanka. Kada ka matsa kusa da sansanin sojan ruwa, kada kuma yara su ɗaga waya suna hoto a wurin.

Oga Makanike, Tashar Dukku: Alhaji, ni tirelar ce damuwata. Daga Gombe ka bi Numan, Jalingo, Wukari, Katsina-Ala, Ogoja, Ikom kafin Kalaba, tafiya ce mai cin ƙananan tayoyi. Ka canza boris, ka cika giris, ka riƙe safaya biyu. In ka isa bakin ruwa ka bar ƙafafun su huce, domin boris mai zafi in ya shiga ruwan sanyi zuƙar ruwa yake yi. Ruwan can yana da gishiri-gishiri, saboda haka duk ranar da ka fito ka zagaya wa injin ruwan famfo yana aiki, ka wanke tirelar. Leda ma tana da yawa a kogin gari. Ka riƙa waiwayar ɗan ruwan da injin ke tsartarwa ta baya, in ya tsaya ka kashe nan take, leda ce ta toshe.

Hajiya Maman Ikram, Bolari: Ɗan'uwa, ni dai a ganina ka bar jirgin a gida. Kuɗin man zuwa da dawowa da wahalar shingayen hanya sun isa ka ɗauki hayar jirgi da matuƙinsa a can, wanda ya san inda tudun yashi yake da inda masunta ke shimfiɗa raga. In kuma ka dage, rigar ruwa ga kowa, kuma ta yara daidai jikinsu. Ta manya in aka sa wa yaro, ta kansa take zamewa.

Malam na Yamaltu: Maganar Hajiya abin dubawa ce. Ko da naka za ka je, ka biya ɗan gari ya zauna kusa da kai ranar farko. Mu ma a Gongola baƙo ba ya shiga sai ya gaisa da sarkin ruwa. Ka leƙa ofishin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, kan rajistar jirgin, kuma dokarsu ta hana tafiyar dare, kafin shida na yamma ka fito. Ka riƙe anga da doguwar igiya da filafili biyu. A dam in inji ya mutu kana nan inda kake, a can ruwa mai janyewa teku zai nufa da kai. Man kuma ka kasa shi uku: na tafiya, na dawowa, na ajiya.

Baban Walida: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi waya da ƙanena, zai je bakin kogin ya ɗauko min hoton gangaren sau biyu, da ruwa ya cika da kuma ya janye, ya tambayo kuɗin haya. In na ga hotunan zan yanke shawara. Oga, ranar Asabar zan kawo maka tirelar ka duba boris ɗin.