Taƙaitawa: Shawarwari kan yadda matasan marubutan Amurka za su buga gajerun labaransu na farko

1. Bakin masu ba da shawara ya zo ɗaya: a fara da ƙananan mujallun adabi, galibi ta Submittable, shafin intanet da ake tura wa mujallu rubutu ta cikinsa. Labari kada ya wuce kalma 5,000.

2. Yawancinsu sun yarda ka tura labari ɗaya wurare da dama. Amma da wata ta karɓa, ka janye daga sauran nan take. Sakaci a nan na ɓata suna. Wanda ka riga ka saka a intanet kuwa, editoci na ɗaukarsa bugagge ne, don haka galibi ba sa karɓarsa.

3. An rabu kan digirin MFA (digiri na biyu a fannin ƙirƙirar rubutu), irin na shirin Jami'ar Iowa da aka kafa a 1936. Wasu sun ce yana buɗe ƙofa, wasu sun ce in babu tallafi, bashi ne kawai.

4. Kyautar Pushcart, wadda ake ba rubuce-rubucen da ƙananan mujallu suka buga, ba a nemanta da kai. Edita ke gabatar da labarinka.