Kwalliyar farko: me kuka fara saya wa 'ya'yanku mata?

Maman 'Yar Fari, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son jin ta bakin waɗanda suka riga ni. 'Yar wajena ta fari shekararta 11, tana aji shida a firamare. Bikin ƙanwar babanta saura sati uku, kuma tun ranar da aka fitar da anko take damuna da cewa ita ma sai an yi mata kwalliya irin ta ƙawayen amarya. Na ɗauka surutun yara ne. Shekaranjiya na buɗe jambakina, wanda nake ji da shi, na tarar an murɗo shi har ƙarshe an danna murfi a kai, ya dagargaje a ciki. Na tambaya, gida ya yi tsit, amma bakin hijabinta na Islamiyya ya ba da shaida.

Ban dake ta ba, don ni ma na yi wa tawa uwar. Sai dai na rasa ta inda zan fara. A shekara nawa kuka fara barin naku? Me kuka saya, me kuka saya kuka yi da-na-sani?

Inna ta Damagaram

Wa alaikumus salam 'yata. Jikata ce ke rubuta mini, ni idon ya yi nisa. Mu a zamaninmu wa ke lissafin shekara? Yarinya tun tana goye ake zizara mata kwalli. Da ta tasa, ranar salla a yi mata kitso, a ƙunsa mata lalle da ganye tun dare, da safe ta ja katambiri daga goshi zuwa karan hanci, ta ɗiga a kumatu. Manyanmu kuma su goga fure a haƙora su bi da goro, baki ya yi jawur. Kayan kwalliyata duka a tandu ɗaya da ɗan madubi mai faɗin tafin hannu suke. Ki bar mini kishiyata ta yi ado, ba ita ta fara ba. Abin da ban gane ba shi ne wannan da ake shafe fuskar yarinya da shi kamar ana yaɓen ɗaki, har uwarta ta wuce ta a wurin biki ba ta gane ta ba.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya

Inna, Allah ya ƙara lafiya, ki yi mini afuwa, a kan kwallin nan zan ɗan tsaya. Ni ma da shi aka raine ni, kuma na sa wa ɗana na fari kafin in san abin da na sani yanzu.

Kwallin dutse, wannan mai ƙyalƙyali da ake niƙawa, galibinsa daga dutsen da ake fitar da dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun gwada jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Najeriya, suka ga dalma ta hau. Da aka bi diddigi sai aka gano kwallin da aka kawo masa daga gida ne, kuma da aka auna shi sama da kashi 82 cikin ɗari dalma ce zalla. Mu nan ba baƙin gubar dalma ba ne, kowa ya tuna Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake wancan daga niƙan duwatsun zinare ne a cikin gidaje. Na kwalli ba ya zuwa da gaggawa haka. Yarinya ta murza ido, ta kai hannu baki, yau kaɗan gobe kaɗan, yana taruwa a jiki yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba za ki ga alama a fuska ba. Ba a san wani adadi na dalma da za a ce ba ya cutar da yaro ba.

Ni tawa 'yar, da ta kai 12, gazal na saya mata a kanti, mai lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da jerin abin da aka haɗa shi da shi a jiki, na ce ta ja a wajen fatar ido, kada ta shiga ciki. Kuma nata ita kaɗai. Duk bayan salla sai mun ga yara a asibiti da hazbiya ko afolo, in kin tambaya sai ki ji yara shida ne suka yi layi aka sa musu da tsinke ɗaya.

Hajiya Babba, Sakkwato

To amma 'yar nan kwalli ai sunna ne. Nawa daga Makka nake sayowa, ismid, kuma da shi na yi wa 'ya'ya bakwai, ba wanda ya makance.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya

Haka ne Hajiya, ba sunnar nake ja da ita ba. Matsalar ita ce ba duk abin da aka rubuta wa ismid a kwalba ne ismid ba, kuma ido ba ya bambance su. Babba ta sa wa kanta in ta ga dama. Yara ne nake jiye wa, don jikinsu ya fi namu tsotse dalma.

Maman 'Yan Biyu, Kano

Ni ba jambaki ne ya ba ni wuya ba, lalle ne. Ku saurara da kyau don Allah.

Sallar bara waccan na kai 'yan biyuna, lokacin suna da shekara 10, wurin wata mai zane a unguwarmu. Layi har ƙofar gida. Suka nace baƙi suke so irin na 'yan mata, ba jan da nake ƙunsa musu ba. Na ga tana zuba wani gari daga 'yar leda tana damawa, ban kawo komai a raina ba. Cikin rabin awa ya kama, baƙi wuluk, gwanin kyau, har hoto na yi musu.

Salla ta wuce lafiya. Wajen kwana takwas sai Hassana ta fara susar hannu da dare. Da gari ya waye, duk inda zanen ya bi ya kumbura ya yi ja, furen nan da ganyensa sun fito raɗau kamar an zana da wuta, wasu wuraren sun ɗuri ruwa. Usaina kuwa ko ƙaiƙayi ba ta yi ba, kuma hannu ɗaya ya yi musu daga kwano ɗaya. Shi ya sa da farko na ƙi yarda lallen ne, har na fara zargin sabulu.

Likitan fata ne ya ce mini garin nan dayis ne na rina gashi, akwai wani sinadari a ciki da ake kira PPD, ba a yi shi don ya zauna a fata ba. Ya ce yakan ɗauki kwanaki kafin ya nuna, kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa to ya ƙi ke nan, ko ta girma ta zo rina gashi sai ta yi hattara. An ba mu man shafawa, ya warke, amma shatin furen ya fi wata biyar a bayan hannunta, tana ta jan hannun riga tana ɓoyewa a makaranta. Wannan ɓoyon ya fi ciwon ci mini rai.

Yanzu garin lalle nake saya in kwaɓa da kaina da lemon tsami. Yana ɗaukar sa'o'i, ja yake fitowa ba baƙi ba, suna ƙunƙuni, ina toshe kunne.

Malamar Islamiyya, Gombe

Allah ya ƙara sauƙi Maman 'Yan Biyu. Nawa ɗan ƙarami ne: jan farce. Yarinya mai shekara 10 zuwa 12 lokacin da ake tsare ta da salla ke nan, shi kuwa jan farce yana hana ruwan alwala taɓa farcen. Bayan kowane biki sai na tsaya a bakin famfo ina duba hannaye, wasu su yi ta kankarewa da haƙori. In farce take so ya yi ja, lalle ya wadatar, ba ya hana ruwa shiga.

Uwar Mata Huɗu, Katsina

Ni fa ban ga abin shawara a nan ba. A gidana ba mai shafa komai sai man kaɗanya da basilin har sai ta gama sakandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau jambaki, gobe gashin ido na kanti, jibi kin rasa gane kanta. Ku yi haƙuri, ra'ayina ne.

Anti Ƙarama, Jos

Yaya, ina girmama ra'ayinki, amma ni 'yar irin gidan nan ce, bari in gaya miki yadda muka yi. Mamanmu ko hoda ba ta yarda ba. To a makarantar kwana akwai wata 'yar ajinmu mai jambaki ɗaya tak, mu kusan goma muke shafawa a bayan ɗakin kwana, mu goge da gefen ɗankwali kafin a buga ƙararrawa. Da kuɗin tara na fara sayen wani mai a ɓoye don wata ta ce mini na cika duhu, ina aji biyu. Sai da kumatuna suka ƙone Mama ta sani. Ba na cewa laifinta ne, Allah ya saka mata da alheri. Amma da akwai ƙofar da zan tambaye ta, da ita zan tambaya, ba 'yar ajinmu ba.

Mai kwalliyar amare, Abuja

Wannan magana ta Anti Ƙarama ita ce ta sa na shigo. Shekarata tara a sana'ar nan. Ranar biki akan turo mini ƙananan yara bayan na gama da amarya, kuma abin da ya fi ɓata mini rai ba daga yaran yake fitowa ba. Uwa ce za ta tsaya a kaina ta ce, "Ki ɗan haska mini ita, kin ga ta ɗauko baƙin babanta." A gaban yarinyar! Ina kallon fuskarta a madubi tana sunkuyar da kai. Irin wannan yarinya ce gobe za ta je neman man bilicin. Ba banza NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023 ba. Mayukan nan wasu da zaiba a ciki, wasu da magungunan da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, kuma har jarirai ake shafa wa.

Abin da nake yi wa 'yar shekara 11 ba ya cin minti biyar. In taje mata gira, ba na askewa, ba na zana jagira. Man leɓe mai ɗan sheƙi ko mai launi kaɗan. Hoda mara nauyi daidai da kalar fatarta, a goshi da hanci kawai saboda maiƙo. In ta nace, ɗan ƙyalli a saman ido. Ba na sa mata fandeshan, fatarta ba ta da abin rufewa, kuma a shekarun nan ne ƙurajen balaga ke shirin fitowa, in kin toshe fatar kin gayyato su. Gashin ido na manne kuwa ko an biya ni ninki biyu ba na sa wa yaro, gam ɗin kusa da ido yake.

Maman 'Yar Fari, in za ki saya, duba bayan kwalba. Akwai ɗan hoton gwangwani a buɗe da aka rubuta 6M ko 12M, watannin da zai yi ke nan bayan an buɗe shi. Ki guji akwatunan nan na yara masu kala ashirin da ba sunan kamfani ba kwanan wata. Kowane sabon abu ki shafa mata kaɗan a bayan kunne, ki ba shi kwana biyu ki gani. Kuma ki koya mata wankewa kafin ta kwanta, wannan ya fi shafawar muhimmanci.

Baban Yara, Maraɗi

Ku yi mini izini, namiji a cikinku. Uwar tawa 'yar ta rasu tana da shekara bakwai. Da ta kai 12 ta ce tana son "abin baki". Na shiga kanti na tsaya kamar baƙauye a tasha, na nuna wani ja, mai kantin ta ce, "Alhaji, na amarya ne ko na uwargida?" Na ce na 'yata ne. Ta yi dariya ta mayar, ta miƙo mini wani mara kala mai ƙamshin lemo. Yau shekara uku, kwalbar ta ƙare tuntuni, amma tana nan a cikin akwatinta.

Maman 'Yar Fari, Kaduna

Allah ya jiƙan maman yarinya, Baban Yara, ka sa ni hawaye. Na gode muku duka. Na dawo in ba da labari tunda an yi biki jiya.

Wata Asabar kafin bikin na tafi da ita kanti, mu biyu, ban ɗauki ƙannenta ba. Na ce ta zaɓi man leɓe ɗaya. Ta fi minti ashirin tana jujjuya guda uku, ƙarshe ta ɗauki mai ruwan hoda. Na ƙara mata 'yar hoda da ƙaramin madubi da jaka mai zif. Gazal na fasa, na ce sai baɗi. Sharaɗinmu: biki da salla kawai, ba makaranta, ba Islamiyya, ba ara wa kowa, kuma nawa ya fita daga hannunta. Lalle ja na ƙunsa mata da kaina daren Alhamis, ta yi barci da safa a hannu.

Babanta ya ɗan ɗaure fuska da ya ga jakar, sai kakarsu ta ce masa shi ma yana ƙarami sai da aka ɓoye tandun kwalli saboda shi, ya tashi ya fita. A wurin biki kuwa, bayan duk wannan rigima, tana cin shinkafa ta lashe man tas, ba ta ma tuna ta ƙara ba, tana can tana tsalle da 'yan'uwanta. Yanzu ƙanwarta mai shekara bakwai ce ta sa ni a gaba, wai ita yaushe za a kai ta kanti.