Yawo a ƙafa cikin Njamena a tsakiyar bazara: ta ina ake farawa?

Baƙon Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Njamena, babban birnin Chadi, ciki da bai. Mu huɗu ne daga Garwa ta Kamaru, har da dattijuwa da yaro ɗan shekara goma, za mu yi kwana uku a can a tsakiyar watan Afrilu. Muna son mu ga gari da ƙafarmu, ba ta gilashin mota ba. Zai yiwu kuwa da wannan zafin? Da ƙarfe nawa ake fita, ta ina ake farawa, me ake riƙewa a hannu? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Kusiri:
Wa alaikumus salam Malam. Zai yiwu, amma sai an raba yinin gida biyu. A Afrilu zafin rana yakan kai digiri 41 zuwa 43, wata rana ma ya haura, kuma daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa huɗu ba lokacin tafiya ba ne ko ga ɗan gari. Rana tana fitowa wajen shida saura minti goma, tana faɗuwa shida da 'yan mintuna. Ke nan ku karya da wuri bayan asuba, ku taka titi ƙarfe shida, ku kasance a inuwa tara da rabi. Da dattijuwa da yaro ku lissafa kilomita uku a awa ɗaya, in an haɗa da tsaye-tsaye kilomita biyar ko shida sun ishi safiya. Fita ta biyu daga huɗu da rabi zuwa magariba. Kuskuren baƙi shi ne fita da an sallame la'asar, alhali a lokacin kwalta da bango suna amayar da zafin da suka sha tun safe.

Ranar farko ku fara daga Place de la Nation, tun da fili ne fetal babu inda za a raɓa, sai da sanyin safiya yake ganuwa. Daga nan ku bi titin Charles de Gaulle zuwa gabas har babbar kasuwa da masallacin Sarki Faisal, tafiyar ba ta da nisa. Kada ku sa ran inuwar bishiya a wannan titin: manyan itatuwan da ke gefensa an sare su a 2008 bayan harin da 'yan tawaye suka kai birnin a watan Fabrairu. Abin da ya rage shi ne barandar tsofaffin kantuna, ku riƙa bin gefen da inuwar gini ta faɗo. Ku isa kasuwa wajen takwas, lokacin an buɗe runfuna kuma cunkoso bai yi ƙarfi ba. Ran Juma'a kewayen masallacin yakan cika tun kafin azahar, gara a gama da wurin da hantsi.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: fadar shugaban ƙasa tana kusa da wannan fili, ta wajen kogi. Ba a tsayawa a gabanta, ba a nuna ta da yatsa, waya kuma ta zauna a aljihu. Haka barikin soja, filin jirgi da gadoji. Ku ja wa yaron kunne tun daga masauki, domin yara su ne masu saurin ɗaga waya. Kowa ya riƙe katin shaidarsa a jikinsa, ba a jakar da aka bari a ɗaki ba.

Malamar Jinya:
Yaya, ni ta wajen ruwa zan yi magana, don nan ake samun matsala. Iskar bazara busasshiya ce, zufa tana bushewa kafin mutum ya ji ta a jikinsa, sai ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba. Babba mai tafiya ya sha kamar rabin lita a kowace awa, kurɓi-kurɓi duk bayan minti goma sha biyar ko ashirin, ba sai ya ji ƙishi ba. Fitar safe ta mutum huɗu tana son lita shida a ƙalla. Hajiya ce za ku fi sa wa ido, domin tsufa yana rage jin ƙishirwa, kuma tsofaffi da yawa suna ƙin shan ruwa a hanya don gudun neman makewayi. Ma'auni mai sauƙi shi ne fitsari: in ya yi kaɗan ya yi duhu kamar shayi, ruwa ya gaza. Idan tana shan maganin hawan jini, musamman irin mai sa yawan fitsari, ta ga likitanta kafin tafiya.

Zufa ba ruwa kaɗai take fitarwa ba, har da gishiri. Ku sayi ƙullin gishiri da sukari na kantin magani. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin da sunan ƙarin ƙarfi, illa yake yi, musamman ga yaro. Karkanji, wato zoɓo, yana da daɗi da sanyi, sai dai a duba da wane ruwa da wace ƙanƙara aka haɗa shi, don zawo a wannan yanayi yana kayar da mutum cikin yini ɗaya.

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar ƙwauri alama ce ta a tsaya: a shiga inuwa, a sassauta tufafi, a ɗaga ƙafafu, a sha ruwan gishiri da sukari a hankali. Amma in mutum ya fara sambatu, ko yana tangaɗi, ko ya suma jikinsa ya yi zafi rau, wannan ya wuce jinyar gefen titi. A jiƙa shi da ruwa, a sa jiƙaƙƙen zane a wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita ana kan hanyar asibiti, kuma kada a ɗura masa ruwa a baki yana sume. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuma a tuna lokacin sanƙarau ne, ba a kwana da shi a gida.

Tufafi na auduga, mai faɗi, mai haske, da hula ko laima. Silifas na roba mai siririn ƙasa yana ɗaukar zafin kwalta ya ƙona tafin ƙafa, sabon takalmi kuma yana yin bororo. A sa wanda ƙafa ta saba da shi.

Baba na Dembe:
Ɗana, sun faɗa maka gaskiya. Tsakar ranar da suka ce a ɓuya ba sai an kashe ta a kan tabarma ba. Gidan tarihi na ƙasa yana daura da Fadar 15 ga Janairu, kusa da ɗakin karatu na ƙasa. Da nisa daga kasuwa, ku shiga tasi, kuma ku tabbatar a buɗe yake a ranar kafin ku tashi. A can yaron zai ga kayan yumɓu na mutanen Sawo da suka zauna a bakin kogunan Shari da Logon tun kafin ƙabilar Kotoko, da sashen Tumai, ƙoƙon kan da aka tono a hamadar Jurab a 2001, wanda masana suka ba shi kusan shekara miliyan bakwai.

Safiya ɗaya ku ba Gawi, ƙauyen Kotoko da ke kamar kilomita goma arewa maso gabas da birni. Mota za ta kai ku, amma cikin ƙauyen da ƙafa ake zagawa. Tsohon gidan sarki ginin laka ne, an mai da shi gidan tarihi, bangayen gidaje da zane na jar ƙasa da fara da baƙi. Mata ne ke ginin tukwane, za ku ga randuna jere a rana suna jiran gashi. A gaisa, a nemi izini kafin hoto, a sayi ko ɗan ƙaramin tulu ne. Ka gaya wa yaron kuma cewa a irin wannan wata ne, ran 22 ga Afrilu 1900, aka yi yaƙin Kusiri, garin da ke ƙetaren kogi ta wajen Kamaru, inda Rabe, mayaƙin da ya ci Barno, ya faɗi, shi ma Lami, kwamandan Faransa, ya mutu. Da sunansa aka kafa garin, Fort-Lamy, sai a 1973 aka mai da shi Njamena.

Sai kasuwa. Larabcin Chadi ne harshen ciniki, ko da yake ba za ku rasa mai jin Hausa ba. Riƙe “be kam”, wato nawa, da “alme”, wato ruwa. Lissafinsu da riyal ne, kamar dalarmu, riyal ɗaya sefa biyar. In mai mangwaro ta ce “ishirin”, sefa ɗari take nufi, “hamsin” 250, “miya” 500, “miten” jaka guda. Mai tasi ko ɗan kilando, wato mai babur na haya, ma haka, ku yanke kuɗi kafin a hau, ku tambaya da riyal ne ko da sefa, don yawancin gardamar sauka daga nan take tasowa. Ku tanadi canji, takardar jaka goma ba ta sayen ruwa a bakin titi.

Baƙon Garwa:
Madalla, Allah ya ƙara girma Baba. Saura bakin kogi, yaron ya matsa sai ya ga Shari. Akwai inda ya fi dacewa?

Ɗan Kusiri:
Ku je wajen unguwar Shagwa da yamma, bayan ƙarfe biyar. A wannan wata ruwa ya janye, rairayi ya fito, za ku ga masu lambu, masu wanki, masu ɗiban yashi da masunta a kwalekwale. Ku tsaya a tudu, nesa da gada saboda maganar hoto. Kada yaron ya sa ƙafa a kwantaccen ruwan gefe, nan ake ɗaukar tsargiya, kuma akwai dorina a kogin, da magariba take fitowa kiwo. In kuka ga gabas ta yi ja iska ta taso da ƙura, ku nemi gini ku shiga har ta wuce. Idan kuma a Kusiri za ku kwana, ku tambayi lokacin rufe gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kusiri da Njamena, tun da safe kuna ƙetarewa, ku baro Shagwa da sauran rana.