Dasashin Hajiyarmu na zubar da jini, ga ciwon suga, mu ci gaba da quercetin?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Hajiyarmu na da ciwon suga, tana kan metformin, ga hawan jini tana shan amlodipine. Tun bayan babbar sallah dasashinta ya kumbura, in ta yi asuwaki sai kan icen ya yi jajir, kuma haƙoran gaba na ƙasa sun fara girgiɗi, ko tsire ta daina taɓawa. Da ma a gidan Yaya take zaune, da matarsa ta haihu aka ce ta dawo wurina zuwa arba'in, yaron yanzu har yana rarrafe. Ba ƙorafi nake ba, uwata ce. To ƙanwar maigidana ta kawo wata kwalbar ƙwayoyi, quercetin, wai sinadarin flavonoid ne na tsirrai, yana maganin dasashin masu suga. Mun fara ba ta. Mu ci gaba, ko a haɗa da wani abu?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Hajiya, kuɗinku kawai aka ci. Quercetin ɗin nan yana cikin albasa, musamman ja, yana cikin zogale. Koren shayi na da irin nasa, zoɓo ma haka. Kwaɗon zogale da albasa da rana, zoɓo ba sukari safe da yamma, ta riƙa kurkure baki da shi. Asibiti cire haƙori kawai suka iya.

Maman Ummi: Shi Yayan naku fa? Haka namu ya yi, ko kuɗin gwajin suga ba ya turowa, amma ranar sallah shi ne a gaban hoto.

Anti Nas: Allah Ya ba Hajiya lafiya. Gaskiya ne ana bincike kan flavonoid, yana rage kumburi, amma akasarin gwajin a kan ɓeraye ne da ɗakin bincike. Ba ƙwayar da za ta cire dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi, sai an kankare shi a asibitin haƙori. Kuma cutukan biyu juna suke ingizawa: suga in ya hau dasashi ya lalace, dasashi in ya kumbura suga ya ƙi sauka. Nazarin Cochrane na 2022 ya nuna kankarewar na rage HbA1c, wato gwajin matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, da kusan maki 0.4. Amlodipine kansa yana kumbura dasashin wasu, ki faɗa wa likitanta, amma kar ta daina sha da kanta. Nawa sugarta take yanzu?

Maman Hanifa: Anti ai ba sakaci muka yi ba. Hajiya ce ta rantse ba mai taɓa mata baki da ƙarfe, an ce mata ciwon mai suga ba ya warkewa. Kuma kamar warin bakinta ya ragu tun da ta fara.

Baban Khalifa: Kin ji ko? Ya ragu. Kakanninmu wane asibiti suka kankare? Asuwaki da gishiri, suka mutu da haƙoransu cif.

Anti Nas: Alhaji, zoɓo na da tsami, kurkure baki da shi kullum cinye farin haƙori yake. Yana kuma saukar da hawan jini, ita ko tana kan magani. Maman Hanifa, ba ki faɗi sugar ba.

Abu Sadik: Kar dai wani ya ce a ba ta lemon garehul (grapefruit) wai shi ma flavonoid, ba ya jituwa da wasu magungunan hawan jini. Ni mahaifina sai da aka yi ta ɗage mana ranar ganin likita har haƙorin ya fita da kansa.

Maman Hanifa: Na'urar gwajin tana gidan Yaya. Kwalbar kuma da tsada aka saye ta, in na ajiye ƙanwar maigidana za ta ce na raina mata. Bari dai ta ƙare mu gani.

Maman Ummi: Turo mana hoton kwalbar, surukata ma dasashinta na jini.