Wa ya taɓa zuwa filin gishirin Uyuni na Bolibiya?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wajen aikinmu za su tura ni taro La Paz, ƙasar Bolibiya, cikin watan Yuli in Allah ya kai mu, abokan tahiya sun ce in an gama mu ƙara kwana ukku mu je mu ga filin gishirin nan na Uyuni. Ni iyakar tahiyata Abijan da Makka. Don Allah wanda ya taɓa taka wurin da ƙahwarshi ya gaya min abin da ya tarar.

Injiniyan Zariya:
Wa alaikumus salam. Na je lokacin da nike karatu Barazil, kuma cikin Yuli ne kamar kai. Ɗan uwa manta da gishirin tukuna, tunanin numfashinka za ka fara yi. Maradi ba mu kai mita 400 bisa teku ba, filin nan kuma yana mita 3,656, filin jirgin El Alto da za ka sauka ma ya wuce 4,000. Ina saukowa daga jirgi na ɗauki sakado na yi taku bai fi ashirin ba na ji ƙirjina na bugawa kamar na yi gudu daga babbar kasuwa zuwa Sura Bildi, daren nan ban yi barci ba, kai na sara, ga tashin zuciya, in na kwanta sai in zabura ina neman iska. Su can soroche suke ce mishi. Sai kwana na ukku na dawo daidai. In za ka iya ka roƙi a biyo da kai ta Santa Kurus, ita ƙasa take kuma da zahi kamar gida, daga nan Sukre mai wajen mita 2,800 ka kwana biyu, jiki ya saba sannu sannu.

Shi filin kuwa, wallahi ban da abin da zan kwatanta shi da shi. Murabba'in kilomita sama da 10,000, fari fat, shimfiɗe kamar an daɓe, ba icce ba tsuntsu. Tsohon tabki ne ya ƙahe ya bar gishiri. Da rani ƙasan duk ya tsattsage gida-gida mai kusurwa shidda kamar saƙar zuma, in ka taka yana ƙaras ƙaras. Na durƙusa na ɓanɓaro ɗan kaɗan na lasa, gishiri ne sosai irin na miya. Ƙarƙashinshi kuma ruwa ne mai lithium, abin da ake batirin waya da shi.

Maman 'yan biyu:
Yayana ni ma'aikaciyar asibiti ce, na raka wata tawaga Potosi, wani gari can Bolibiya, mun biya ta Uyuni kwana guda. Abu ɗaya nike roƙonka, kafin ka tashi ka je a auna jininka a ga ko kana ɗauke da sikila. Mu nan da yawa AS ne ba su sani ba don ba ta taɓa damunsu ba, amma can sama inda iska ta yi ƙaranci tana iya taɓa saifa, ciwon ciki mai tsanani gehen hagu. Ka gaya ma likita inda za ka, akwai maganin da ake kira Diamox shi zai ce ko ya dace da kai, kar ka saya da kanka farmasi. Ka sha ruwa da yawa ko ba ka jin ƙishi. In numfashi ya gagara kana zaune ko ka fara tangaɗi to a sauko da kai nan take, ba a jira safe. Kar ka manta karnen rigakafin shawara. Da tabarau baƙi mai kyau, wata abokiyar tahiyarmu ta cire nata don hoto, da dare idanunta na ta zubar da hawaye kamar an watsa mata tonka.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri ƙanwata, ban taɓa auna jinin nan ba, gobe zan je. To sanyi fa? Da salla da abinci?

Injiniyan Zariya:
Yuli tsakiyar hunturunsu ne, ka san su kudancin duniya suke. Sanyinmu na Janairu da ake hura wuta ƙofar gida ba komi ba ne, can da dare yana sauka ƙasa da sifiri sosai, ruwan da na bari cikin mota da safe ya zama ƙanƙara. Mun kwana otal ɗin da anka gina da tubalin gishiri, gado gishiri tebur gishiri, bargo biyar na rufa da buluzon a jikina. Alwalar asuba ita ta fi ba ni wuya, sai na roƙi mai dahuwa ruwan zahi cikin buta. Tsakiyar fili kuma taimama na yi bisa gishirin, da na dawo na tambayi malaminmu ya ce a Malikiyya gishirin da ke wurin da Allah ya halicce shi ana taimama da shi. Alƙibla ka sa manhajar da ke aiki ba rezo. Nama kam na lama suke ba baƙi, wata dabba mai kama da ɗan raƙumi ba tozo, ba yankan musulmi ba ne, ni ƙwai da dankali da kinuwa na ci, kinuwar kamar ƙananan gero take. Ka sayi sardin da dabino tun La Paz.

Na Tibiri:
Ni cikin Fabrairu na je, damina. Ruwa ya kwanta bisa gishirin bai wuce idon sawu ba, sai duk filin ya zama madubi, gajimare sama gajimare ƙasa, ba ka gane inda sama ta ƙare. Muna shidda cikin Land Cruiser kowa ya yi tsit, ni dai tasbihi kawai nike. Amma saboda ruwan direba ya ƙi kai mu tsibirin Inkawasi mai dogayen itatuwan ƙaya, kai da za ka da rani za ka gan shi. Ka lura da direba kafin ku biya kuɗi, namu na hwarko yana warin giya da sassahe munka ƙi shiga, sai da anka canza muna wani. Takalmina gishiri ya cinye shi cikin wata guda.

Alhajin Ali Ɗan Sofo:
Yara ni ban je can ba, amma na yi shekaru ina ɗauko kantu daga Bilma da Fashi. Mu can rami ake haƙawa rana ta shanye ruwan sannan a zuba a kwaɓa a yi kantu, wahala iya wahala. Ashe akwai inda ake tahiya bisanshi da mota. Su talakawan wurin suna cin moriyarshi?

Na Tibiri:
Baba suna ci amma kaɗan. Bakin filin akwai ƙauye Kolcani, na ga maza da shebur suna tara gishirin tsibi tsibi ya tsane, sai a busar da shi bisa wuta a niƙa a ɗura leda, hannuwansu duk sun faso kamar na mutanenmu na Kawar. Kuma tseren motocin Dakar ɗin nan da ke ratsa Agadas da Tenere da can, ya bi ta wurin a 2014, har sun gina mishi tambari da gishiri. Na sayo leda guda na kawo ma tsohuwata, ta zuba a miyar kuka ta ce bai kai balma ɗanɗano ba.