Komandin magani duk sati maimakon tara kaya, zai yi a Maradi?

Mai_Magaza:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ke riƙe da magazar magani a wata ƙaramar kilinik nan Maradi. Patron ya dawo daga taro da sabuwar shawara, wai mu bar tara kayan wata shida, mu riƙa komandi duk sati daidai abin da muka ci. Ya ce tsarin kamfanin Toyota ne a Japon, ba su aje kaya sai lokacin buƙata ake kawowa. Gaskiya ina ganin hujjarshi, don bara da hannuna na fidda kwalayen siro na yara da suka yi perime aka ƙone, kuɗɗi ne tsagwaronsu, ga zafin Afrilu magaza kamar tanda. Amma raina bai kwanta ba. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Ɗan_Farmasi:
Wa alaikumus salam. Mu muna yi a farmasi kuma yana da amfani, kuɗɗinka ba su kwana bisa kanta, kayan da ke lalacewa sun ragu, waje ma ya samu. Amma fa ga abin da dila yake da shi nan cikin gari, parasetamol, auduga, safar hannu, ka kira da safe kafin azahar ɗan kabu-kabu ya kawo. Sharaɗin shi ne fish ɗin istok ɗinka, wato takardar lissafin kayan da ke shiga da fita, ta zam daidai kullum, in ba ka san abin da ke fita ba to komandin sati wahala ce kawai. Kuma ka lissafa kuɗin mota, ƙaramin komandi sau 4 a wata wani lokaci ya fi babba ɗaya tsada.

Sajfam:
Ƙanena Mai_Magaza don Allah kar ku sa kayan ɗakin haihuwa cikin wannan tsarin. Mace na zubar da jini ƙarfe 2 na dare, ka buɗe firji babu ositosin, allurar da ke tsaida zubar jini bayan haihuwa, wa za ka kira? Na ga wannan da idona inda na taɓa aiki, muka rubuta ordonas muka miƙa wa mijin, ya fita da takalmi ɗaya yana neman farmasin da ke gadi, mu muna danna mata ciki muna addu'a. Allah ya sa ta tashi amma har yau ban manta fuskar uwarta ba. Kuma abin da ba a faɗa, in an ce gidan likita ya rage kashe kuɗi, sau da yawa kuɗin aljihun mai jinya suka koma, shi ke biyan kabu-kabu ya sayi serom da tsada a waje. Mutanenmu ba su gamsuwa da wajen da za a ce musu babu, ko da likitan ya fi kowa iya aiki.

Alhaji_Taransit:
Toyota masu kawo mata kaya suna kusa da ita, hanya lafiya lau. Mu fa? Yamai kaɗai sama da kilomita 600 ce. Kun manta 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da aka rufe iyakar Benin, kwantenoni suka maƙale Kotonu, sai da aka koma zagayowa ta Lome da Burkina, ta Dan Isa wajen Najeriya ma a rufe. Wanda ke da ajiya shi ya yi aiki lokacin. Ko Turawa da korona a 2020 takunkumin fuska ya gagare su.

Mai_Magaza:
Na gode Hajiya, na gode Alhaji. Kenan in raba kayan gida biyu?

Sajfam:
Eh. Na yau da kullum ku yi na sati. Amma ositosin, serom, allurar artesunat ta palu mai tsanani (zazzaɓin cizon sauro) da tes na palu ku aje na wata 3, kuma ku cika magaza tun Yuni, don daga Agusta zuwa Oktoba palu ke yawa, yara har ƙasa suke kwanciya kuma lokacin kowa ke neman kaya ɗaya wajen dila ɗaya.