Yajin aikin malaman firamare a Abuja: abin da iyaye ma'aikata suka ce

Salam jama'a, maganar yadda iyaye masu zuwa aiki za su yi da yara in malamai na yajin aiki ta yi tsawo shi ya sa na tattaro muku abin da aka ce. Mun ga yadda NUT, ƙungiyar malaman makaranta ta Najeriya, ta rufe firamaren gwamnati a Abuja daga Maris zuwa Yulin 2025 kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, sama da wata uku yara na gida.

1. Kusan kowa ya yarda kar a bar yara su kaɗai da kulle ƙofa, musamman masu fita tun asuba daga Gwagwalada ko Kuje ba su dawowa sai magariba.

2. Karɓa-karɓa da maƙwabta, gida huɗu ko biyar kowa da ranarsa, amma a yi maganar kuɗin abinci tun farko don nan ne rigima ke tasowa.

3. Kan ɗaukar hutu a wurin aiki an rabu. Wasu sun ce miji ya ɗauki nasa in ya ƙare matar ta ɗauka, wasu suka ce ai ba a san ranar janyewa ba, kar ka cinye hutun shekara a banza, gara ka roƙi oga ya riƙa sakinka bayan azahar. Masu aikin kamfani sun ce su ko wannan ba sa samu.

4. Islamiyyar safe da lesin, ba wanda ya musa.

5. Tura yara wajen kaka a Kaduna ko Kano, nan ma ba a daidaita ba, iyaye mata da yawa sun ce karatu na ja baya kuma tsohuwa ba ta iya bin yara uku. Ni dai ina ganin ya danganta da shekarun yaran.

6. Komawa makarantar kuɗi, yawanci sun ce aljihu ba zai ɗauka ba.